Shunin Inno a Kan Farar Rigata

Masu karatu, kafin wani ya ce Atika ta cika taurin kai, ku bari in fara gaya muku yadda rigar nan take. Fara ce fat, ta alawayyo, tsawonta iya gwiwa cif, ko faɗin yatsa ba a yarda ya ƙaru ba. Sai ɗan farin kallabi wanda bai fi faifai girma ba. Kayan makarantarmu ke nan mu mata a Bodinga, a zamanin da Nasara ke riƙe da ƙasa. Dokar kuma ba a ƙofar makaranta ta tsaya ba, har gida ta biyo mu. Da rigar za ki fito daga ɗakin uwarki, da ita za ki ratsa gari, babu zane a kai, babu mayafi. Wai zane yana ɓoye dauɗa da kayan talla.

Maza fa? Ai su ba ruwan kowa da su. Wani ya zo da taguwa, wani da tsohuwar rigar ubansa tana sharar ƙasa, wani da layu reras a wuya, hula duk tawada. In dai ka rufe jikinka ka zo, shi ke nan, sai ka shiga layi. Mu kuwa duk sanda Baturiyar da ke duba makarantun mata ta zo daga birni, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da rula tana ɗorawa a gwiwarmu. Mai Rula muke ce mata a bayan idonta. Abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ban shiga boko da wuri ba, saboda haka ni ce babba a ajinmu, shekarata sha bakwai, har ƙananan yara nake taya koyarwa. A daminar nan aka ce Mai Rula za ta zo ta zaɓi 'yan matan da za a kai birni koyon aikin malanta. Ba ni da wani buri a duniya da ya wuce sunana ya fito. Sai ko Mijinyawa.

Tela ne, mutumin Shagari. Duk ranar kasuwar Bodinga yakan ɗauro kan keken ɗinkinsa a bayan keken hawa, ya zo ya kafa a rumfa. Dogo ne, marar yawan magana, in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Ya nemi izini wurin Babana tun bara, an karɓi goronsa, an kawo kayan toshi a fanteka. Ni kuwa, to, me zan ce muku? In na ji ƙararrawar kekensa a bayan katangarmu, ko tuwo nake tuƙawa sai ya yi gudaji. Shi ne ya ce mini, "Ki tahi ki yi karatunki, ina nan. Ɗinki ba shi ƙarewa, haƙuri ma haka."

Tun da na fara zama budurwa na samo wa rigar nan dabara. Ƙanwar Babana, Gwaggo Ladi mai ƙosai, gidanta yana bayan makaranta. Nakan ɗaura tsohon zanena a kan rigar in fito daga gida kamar kowace 'yar mutunci, in na zo wurinta in kwance in ajiye, in faɗa makaranta da gudu. Hedimastanmu Malam Aliyu ya sani sarai, amma yakan ɗauke kai. Gwaggo Ladi kuma ita ce gidan wayarmu ni da Mijinyawa, duk saƙon da zai zo ta bakinta yake biyowa, da ƙarin gishirinta.

Ranar nan ina kwance zane ta ce, "Ke ɗiyar Arzika, telanki ya aiko. Yac ce in gaya miki ki shirya, tsohuwa tai na tahe."

"Inno? Mi za ta yi Bodinga?"

"Ke za ta gani. Wata mai tsawon baki ta kai mata labari, wai an ga surukarta tsakanin gidana da makaranta, ƙwauri waje kamar zalɓe."

Tsakanin gidan Gwaggo da ƙofar makaranta fa bai fi ka tofa yawu ya kai ba, amma ido ya gani, baki ya kai Shagari.

Da yamma na tarar da saƙon Inno ya riga ni isa gida. Zane ne baƙi, sabon rini, an buge shi yana ta ƙyalli, an naɗe shi a cikin takarda. Kowa a ƙasarmu ya san ma'anarsa. In uwar saurayi ta aiko miki da irin wannan, kika ɗaura kika fita ta gan ki, kin karɓi gidansu. In ta zo ba ta gan shi a jikinki ba, to ba sai an yi magana ba. Iya, mahaifiyata, sai juya shi take tana shinshinawa, ƙamshin baban rini ya cika ɗaki.

Baba ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, buhunan irin albasa a bayansa. Bai ko ɗago ba.

"Inno za ta kwana gidan ƙanwarta na bakin hanya, jajibirin kasuwa. Da sahe za ta zamna ƙohwar gida. Ki bi ta nan da zanen ga."

"Baba, ranar kasuwa ita ta ranar da Baturiya za ta zo zaɓe."

"Ba ni da matsala da Baturiya. Boko na bar ki kin yi, an yi ta zagina masallaci na toshe kunne. Amma ki ji da kyau. Ranar da mutanen Shagari sunka ce sun hwasa saboda rigar ga taku, ranar nan kin gama makaranta. Ko sunanki ya hito, ba inda za ki."

Kun dai gani. In na bi dokar Mai Rula, Baba ya cire ni. In na karya ta, ita ta cire ni. Duk a kan abin da ke tsakanin gwiwata da idon sawuna.

Na koma ciki na ce wa Iya ko a ɗan jiƙa zanen a ɗauraye, tun da sabon rini yana zuba. Ta kalle ni kamar na ce a yanka mata akuya. "A wanke? Wa kit taɓa gani ya wanke sabon bugu? Ki kashe ƙyallin, Inno ta ce kin rena kayanta?" Gaskiyarta ne kuma. Irin zanen nan a kan fata ake ɗaura shi, in shuni ya shafi jikinki ado ne, har mata kan yi ta nuna damatsansu. Babu wanda ya taɓa tunanin farar riga a ƙarƙashinsa. Sai na yi wa kaina wayo, na ce zan ɗaura tsohon zanena a tsakani ya tare. Har daɗi na ji, wai ni mai ilimi.

Ranar kasuwa na tashi tun asuba. Na goge rigata da dutsen guga na gawayi har tana ɗaukar ido, na sa, na ɗaura tsohon zane, na ɗora na Inno ɗaurin ƙirji, yana ta ƙaraf-ƙaraf don sabunta. Iya ta zizara mini kwalli kaɗan, ta ce in goge a gidan Gwaggo. Da na fito na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ganyen gero. Na ce a raina zan riga hadarin.

Inno tana nan inda aka ce, a kan 'yar kujera, carbi a hannu. 'Yar siririya ce, idonta kamar na Mijinyawa, sai dai nata ba ya sunkuyawa. Na durƙusa har ƙasa.

"Inna, an kwana lahiya? An zo lahiya?"

Ta dube ni tun daga kallabi har ƙafa. Ta miƙo hannu ta murza bakin zanen, ta duba yatsunta da suka yi shuɗi, ta gyaɗa kai.

"Lahiya lau. Ya karɓe ki. Haka nika son ganinki, ba yadda anka hwaɗa mini ba. Zamna mu gaisa."

Masu karatu, wa zai ce wa uwar saurayinsa yana sauri? Ta tambayi Iya, ta tambayi Baba, ta tambayi albasa da gero, ta tambayi ko na iya dakan fura. Ina amsawa ina jin tsawa tana matsowa. Kafin ta sallame ni ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Ban kai rabin hanya ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Babu inda zan fake sai rumfunan maza. Na tattare zane na yi ta gudu cikin taɓo, ruwa yana shiga mini ta wuya yana fita ta ƙafa. Da na faɗa zauren Gwaggo Ladi, ta ɗago daga bakin kasko, ba fuskata ta kalla ba, sawuna ta kalla. Ruwan da ke ɗiga daga jikina shuɗi ne.

"La ilaha illallahu. Kwance mu gani."

Na kwance. Tsohon zanen da na yi taƙama da shi ya sha ya ƙoshi ya miƙa wa rigar. Daga ƙirji har gwiwa ta zama shuɗiya, wani wuri duhu, wani wuri haske, kamar an yi wasa da ita a marina. Kafaɗu kawai suka rage farare. Gwaggo ta ɗebo ruwan toka muka murza, abin sai ƙara bazuwa yake. Sai ga ƙarar ƙarfen makaranta.

"Koma gida," in ji ta. "Ki ce zazzaɓi."

"In ban shiga layi ba ta wuce ni, Gwaggo. Sai baɗi, baɗi kuwa na girme musu."

Na matse rigar a jikina, na gyara kallabi, na fita.

Ruwa ya tsagaita, an jera a baranda, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Da na shigo wurin ya yi tsit, sai 'yan dariya ƙasa-ƙasa daga layin maza. Malam Aliyu ya gan ni ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Mai Rula tana tsakiyar layi da rularta. Ta taho a hankali, takalminta yana ƙwas-ƙwas. Ta iya Hausa, irin ta littafi, kowace kalma a miƙe.

"Atika. Mene ne wannan?"

"Shuni ne, ranki ya daɗe. Ruwa ya duke ni."

"Ruwa ba shi da launi. Kin sa zane a kan kayan makaranta."

"Na sa."

"Kin san doka?"

"Na sani."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila ta yi faɗa ta wuce. Amma idona ya faɗa kan layin maza. Ga su nan jage-jage da taɓo, wani rigarsa ta yage har cibiya, wani da buhu ya lulluɓo bai ko cire ba, kuma su ne ke mini dariya. Na ɗago kai.

"Ranki ya daɗe, ina da tambaya."

Malam Aliyu ya yi gyaran murya da ƙarfi. Na yi kamar ban ji ba.

"Dokar ta kowa ce, ko tamu ce kawai? Ga su can. Wa ya taɓa auna gwiwarsu? Su in sun ratsa kasuwa ba mai kai labarinsu gidan surukai. Mu ake auna wa a nan, a koma gida a sake auna mu."

Fuskarta ta yi ja har kunne. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da bakina. Ta daɗe tana kallona, tana buga rular a tafin hannunta.

"Maza ba aikina ba ne," ta ce. "Ku ne aikina. Na sha wahala kafin a ba ni gurbin mata a birni, kuma can ma dokar ke nan. In na sassauta miki yau, gobe kowace uwa ta ƙara taƙi ɗaya, jibi a ce makarantar mata ta lalace a rufe." Ta juya ga Malam Aliyu. "Ita ce ta fi su ƙoƙari?"

"Ita ce, ranki ya daɗe. Nesa ba kusa ba."

"To. In an kira azahar zan tashi. In ta tsaya a gabana da farar riga daidai awo kafin nan, zan duba ta. In ba haka ba, babu."

Ba ta amsa tambayata ba, kun lura? Amma ba ni da lokacin jin haushi. Riga ɗaya gare ni, ta sauran yara kuwa ko kafaɗata ba za ta shiga ba. Tela ɗaya na sani da zai bar aikin gabansa saboda ni. Na koma gidan Gwaggo na mayar da jiƙaƙƙen zanen Inno a jikina, muka nufi kasuwa tare.

Kasuwa ta fara cika bayan ruwa. Tun daga nesa na hango Mijinyawa a rumfarsa yana taka keke. Sai da na matso na ga wadda ke zaune kusa da shi a kan tabarma. Inno ce, da farin zawwati sabo a ninke bisa cinyarta, tana shafa shi.

Na ja na tsaya. Gwaggo Ladi ta tura ni daga baya.

Na durƙusa na faɗa musu komai, ban rage ba. Na ɗan buɗe zanen suka ga rigar. Mijinyawa ya miƙe tsaye, ya bi rumfunan masu yadi ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonsa, duk inda ya tsaya sai a girgiza masa kai. Sallah ta ƙarato, an kwashe farin yadi kaf. Ya dawo hannu rabbana, ya tsaya, idonsa a kan cinyar tsohuwarsa.

Inno ta rungume yadin. "Kul. Wanga na rigar angoncinka na. Da kaina niz zaɓe shi da sahen ga."

"Inna, azahar ta kusa."

"Ta kusa mana. Ashe ƙarƙashin zanena abin ga taɓ ɓoye? Ta gaishe ni da shi, ta kwance shi bayan idona?" Ta juyo gare ni. "Ke, haka na?"

"Haka na, Inna. Ban rena zanenki ba. Don kar in rena shi nis shiga ruwa da shi."

"In ka sa almakashi ga yadin ga don ka yi mata rigar tsiraici, Mijinyawa, ka nemi wata uwar da za ta kai maka lehe."

Mutane sun fara taruwa. Na so in ce masa ya bari, wallahi na so, amma bakina ya ƙi, domin ba na son ya bari. Ya tsuguna a gabanta, ya sunkuyar da kai yadda ya saba, sai dai yau ba dariya zai yi ba.

"Inna, ki gahwarce ni. Ni nic ce ta yi karatu ina jira. In na bari anka kore ta yau, maganata ta zan banza."

Ya sa hannu biyu ya zare yadin daga cinyarta a hankali. Ba ta riƙe ba, ba ta kuma sake ba, zamewa ya yi. Ya miƙa wa Gwaggo igiyar awo ta auna ni, ta faɗa masa. Sai na ji almakashi ya kama zawwati, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Har yau in na ji tela yana yanka sai tsigar jikina ta tashi.

Ban taɓa ganin ɗinki da sauri irin na ranar ba. Ƙafarsa kamar ba tasa ba, gumi yana ɗiga a kan hannunsa yana sharewa da kafaɗa don kar ya taɓa farin. Inno tana zaune ba ta motsa ba, ba ta kuma dubi kowa ba. Da ya ciji zaren ƙarshe, masu fura suka kewaye ni da zannuwansu a bayan rumfa na sauya. Na fito ina ƙoƙarin mayar da baƙin zanen a kai, sai na tuna zai sake zuba. Na tsaya riƙe da shi kamar wawiya.

Inno ta miƙo hannu. "Ba ni zanena."

Na ninke shi, na durƙusa, na ba ta da hannu biyu. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin hammata, ruwan shuni yana ɗiga a kan tabarma.

Haka na ratsa kasuwar Bodinga tana tsakiyar ci, da riga iya gwiwa, ƙwaurina shuɗi. Na bi ta gaban 'yan albasa, na san Baba yana cikinsu, ban ɗaga kai ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ladan yana gyaran murya na tsaya a gaban Mai Rula. Ta ɗora rula a gwiwata, ta duba, ta yi mini tambayoyi na lissafi da karatu, na amsa ban san ma me nake faɗa ba. Ta ce an ɗauke ni. Sannan ta nuna ƙafafuna ta ce in riƙa wanka da kyau.

Ban yi murna ba. Na san abin da ke jirana.

Bayan la'asar na tarar da Baba a zaure, fantekar toshin Mijinyawa a gabansa, an ɗaure ta da tsumma, shirin mayarwa. Iya tana bayan ƙofa tana sharar hawaye.

"An ɗauke ni, Baba."

"Na ji. Na kuma ga abin da kasuwa tag gani. Inno ta hau mota da zanenta. Mi nic ce miki?"

Na durƙusa. Sai ga ƙararrawar keke a bayan katanga.

Ya yi sallama ya shigo. Masu karatu, da ba a cikin tashin hankali nake ba da na fashe da dariya. Mijinyawa, wanda bai taɓa zuwa gidanmu ba sai da babbar riga, ya zo gaban surukinsa da 'yar shara ta farin zawwati, ko gwiwa ba ta gama rufewa ba, kan wani ɗan wando duk taɓo. Dogayen ƙwaurinsa a waje.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Mi na na haka?"

"Abin da yar rage na rigar angonci ke nan, Baba. Na ce in sa in zo ka gani, tunda da ita za a ɗaura in Allah ya so." Ya tsuguna. "An ce kac ce in mutanen Shagari sun hwasa, ta bar makaranta. Ni mutumin Shagari na. Ban hwasa ba."

"Uwarka hwa?"

"Uwata ta. Zan yi ta zuwa ina durƙusa mata har ta huce. Amma kar a hukunta Atika da almakashina."

Baba ya gyara zama a kan buzu. Ya kalli gwiwar Mijinyawa, ya kalli tawa. Sannan ya sa ƙafa ya tura fantekar baya, can cikin buhunan albasa.

"Uwani," ya ce wa Iya, "kawo ma baƙo ruwa."

Na shige ciki da gudu kafin kukan ya ƙwace mini a gabansu. Zan tafi birni. Na zauna bakin rijiya da sabulun salo ina dirzar ƙafafuna har fata ta yi zafi, shunin Inno ya ƙi fita. Zanen kuwa yana Shagari.